Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Jama'ar Zongon Aboabo, Kumasi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mai Girma Minista, ranka ya daɗe. Sarakunanmu, limamai, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, assalamu alaikum.

A madadin kwamitin lafiya na unguwa, muna yi maka barka da zuwa. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya jero shi ba. Ka tako cikin wannan rana, ka bi lungunan da mota ba ta shiga, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma.

Dattawa sun ce kada mu ɓoye buƙatarmu a ƙarshen takarda. Muna roƙon wurin gwaji da rigakafin korona na dindindin a nan Aboabo. Ɗaki mun riga mun bayar, mun shafe shi da fenti da kuɗin karo-karo. Saura firjin ajiye allura mai aiki da hasken rana, da nas guda biyu masu jin Hausa.

Ranka ya daɗe, mu ba baƙi ba ne a Asante. Kakanninmu fataken goro ne, sun bi ta Salaga da jakuna da kanwa tun Bature bai ci Kumasi ba. Su suka kafa zongo, aka haifi iyayenmu a nan, aka binne su a nan. Duk da haka a 1969, da aka yi dokar korar baƙi, gidaje da yawa a zongo sun wayi gari ba kowa. Ba mu manta ba. Abin da ya sa muka tono wannan shi ne: mutumin da takarda ta taɓa cinye gidan ubansa, in ka zo da littafi kana neman sunansa da sunan duk wanda ya yi musabaha da shi, dole ya yi turus. Masu bin sawun cuta sun sha wannan a 2020. Wasu ƙofofin ba su buɗu ba sai da ɗan unguwa ya shige gaba ya yi sallama.

Amma a tambaya, wa ya kai mu biyayya? A watan Maris na 2020 aka hana taro, muka rufe masallatai. Ranar 30 ga wata aka kulle Kumasi da Accra mako uku, mu kuwa mutanen ciniki ne, sai an fita kasuwar Kejetia ake ɗora tukunya. Azumin shekarar a gida muka yi asham, Idi ma haka. Da aka buɗe a watan Yuni, ba a wuce mutum 100, ladanai suka tsaya bakin ƙofa suna ƙirga kawuna, ga bokitin Veronica, mai pampo na wanke hannu, da sabulu. An ce a ba da tazara, mun ji, sai dai gidan haya mai ɗaki goma da pampo ɗaya bai san tazara ba.

Mun yi alfahari ranar 24 ga Fabrairu 2021, da Ghana ta zama ƙasar farko a duniya da ta karɓi allurar shirin COVAX na raba wa ƙasashe rigakafin korona, guda 600,000. Limamanmu suka hau mumbari suka ƙaryata masu cewa tana hana haihuwa. Tsofaffi suka miƙa hannu. Sai Indiya, inda aka yi allurar, ta tsayar da fitar da ita, allura ta biyu ta makara, masu jita-jita suka samu abin faɗa. Da ta zo kuma, ma'aikata kwana biyu suka yi suka naɗe rumfarsu. Wata tsohuwa ta je sau uku da katinta a ƙulle a bakin zane, ba ta tarar da kowa ba.

Gwajin ma haka. KCCR, cibiyar binciken cututtuka da ke yin gwajin, na nan cikin garinmu, a jami'ar KNUST, amma talaka bai san inda zai kai tarinsa ba, sai ya sayi maganin zazzaɓi ya kwanta.

Akwai maganar gota da shara, da matasanmu masu aikin sa kai da ba su taɓa ganin ko sidi ɗaya ba. Waɗannan za su iya jira. Firjin ne ba ya jira, domin allurar ba ta jure zafi, wuta kuma ka san halinta. Mabuɗin ɗakin yana hannun Sarkin Zongo. In an tashi daga nan, muna roƙon ka taka ka gani da idonka, bai fi tafiyar minti biyar ba.

Ranka ya daɗe, Allah Ya maida kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.