Ina murfin da ya hana iskar duniya tsiyayewa?

Tambayar nan ta yi ta yawo a wayoyi kwanakin nan: in taya ta huje iska ficewa take yi, to me ya hana iskar duniya tsiyayewa zuwa sararin samaniya, inda babu komai? Masu cewa duniya a shimfiɗe take suka ce dole akwai murfi a sama. Ni dai ina ganin tambaya ce mai kyau, ta cancanci amsa.

Ga inda ake tuntuɓe. Wurin da babu komai ba ya zuƙar komai. Da me zai zuƙa? Iskar taya ita ke turo kanta waje, don an danne ta a ciki. Abin dubawa shi ne wa ya danne iskar duniya.

Nauyinta ne. Iska tana da nauyi, ƙarfin jan duniya kuma yana janyo ta ƙasa kamar yadda yake janyo dutse. A bakin teku, kowane wuri mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da kusan kilo 1 na iska.

Ku kalli katifun nan da aka jibga. Ta ƙasa ta matse, ta tsakiya da sauƙi, ta can sama ko a jikinta. Kun ga murfi? Haka iska take. In ka hau mita 5,500, matsinta ya ragu da rabi. A ƙololuwar dutsen Everest, kusan kashi ɗaya cikin uku ya rage. Haka take ta sirancewa, babu wata iyaka inda iska mai matsi ta yi karo da wofi. Ko tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kusan kilomita 400, tana gogar ɓurɓushinta, har sai an riƙa ɗaga ta lokaci-lokaci.

Duk wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo daga Jos, kunnensa ya riga ya shaida masa. Gwada ka gani: ka ɗaure murfin gorar roba marar komai a Jos, ka duba ta a Legas. Ta lotse.

To ƙwayoyin iskar da ke can sama fa? Kafin abu ya kuɓuce wa duniya sai ya yi gudun kilomita 11 a sakan ɗaya. Yawancinsu gudunsu bai kai ko kusa da haka ba, sai su faɗo. Masu sauƙi irin haidurojin sukan sulale kaɗan-kaɗan. Shi kuwa wata, da jansa ya yi rauni, ga shi nan tsirara.