Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Yayin Ziyarar Azuzuwan Harshen Sinanci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin 'yan kasuwa da iyayen yara, barkanku da zuwa. A madadin malamai da ɗaliban wannan makaranta ina yi wa babban baƙonmu lale marhabin. Mun sha aika takarda ofis, amma zuwa da kai ya fi saƙo, ga shi yau Allah ya kawo ka.

Ranka ya daɗe, iyayen yara ne suka fara neman wannan aji kafin mu buɗe shi, kuma yawancinsu 'yan kasuwa ne. Mai shago a Kantin Kwari, da mai sayar da waya a Farm Centre, da dillalin riɗi a Dawanau, kowannensu yana da hulɗa da ƙasar Sin. Wasu suna zuwa Guangzhou sari, musamman lokacin babban baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957. Wasu Yiwu suka fi zuwa. Kukansu ɗaya ne: ciniki ta bakin tafinta. Alhaji zai zuba jarin da ya shekara yana tarawa, ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, ya dawo gida yana jiran kwantena da zullumi. In kaya suka iso ba irin samfurin da aka nuna masa ba, ina zai kai ƙara, kuma da wane baki? Shi ya sa suke ce mana, ku koya wa yaran nan, su zama idonmu da kunnenmu.

Dangantakar diflomasiyya tsakanin Najeriya da Sin ta soma ne a 1971, kuma ta yi nisa. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kamfanin Sin ne ya shimfiɗa layinsa. A 2018 manyan bankunan ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar musayar naira da yuan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, su sun daɗe da koyon harshenmu. Gidan rediyonsu yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci kuwa da aka fara buɗewa a ƙasar nan suna Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Legas. Kano, cibiyar kasuwancin Arewa, bai kamata 'ya'yanta su riƙa yin wannan doguwar tafiya kafin su sami malami ba.

Akwai abin da muka tsaya a kansa a nan, kuma muna fatan mai girma Kwamishina zai mara mana baya. Ba ma ɗora wa yaro Sinanci sai ya iya karatu da rubutu da Hausa sosai, Turancinsa kuma ya zauna. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da harshen uwa tsawon firamare ba su gaza a Turanci ba, sun ma fi takwarorinsu fahimtar darasi. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara makarantun Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973. Malamanmu ma sun lura da wani abu mai daɗi: Sinanci harshe ne mai karin sauti, Hausa ma haka, don haka kunnen ɗan Bahaushe ba ya shan wahalar bambance hawa da saukar murya. Rubutun ne ke ba su aiki, domin kowace alama sai an haddace ta, kodayake yaron da ya saba da allo ba baƙon hadda ba ne.

Ba mu manta da masaƙun Sharaɗa da Bompai da suka rufe ba, ko marinan Ƙofar Mata da atamfar waje ta rage musu ciniki. Burinmu yaran nan su wuce saro kaya kawai. Muna son su iya zama da mai masana'anta su yi maganar kawo injin nan Kano, su sayar da riɗinmu da fatunmu da farashin da suka yi ciniki da bakinsu.

Buƙatunmu, ranka ya daɗe, ba su da yawa. Babbar ita ce malamai. Muna roƙon gwamnati ta nemi guraben karatu a Sin domin matasan malamanmu, da sharaɗin su dawo aji su koyar. Muna kuma roƙon a taimaka a sami wurin rubuta jarrabawar Sinanci ta HSK a nan Kano, domin da ita jami'o'in Sin ke auna ƙwarewar ɗalibi, kuma kuɗin mota da masauki na hana 'ya'yan talakawa zuwa nesa. 'Yan mata ma suna cikin masu ƙwazo a ajin, muna so a tuna da su wajen rabon guraben.

Yanzu ɗalibai biyu za su gabatar da cinikin atamfa da Sinanci, na uku ya fassara mana da Hausa, daga nan mu zagaya azuzuwa. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.