Jawabi Kan Yaran da Giya ko Ƙwaya Ta Shafa Tun Suna Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa baki ɗaya, na gode da wannan dama.

Na san wasu za su ce maganar giya da ƙwaya ba ta shafe mu ba. Sai dai a cikinmu akwai masu riƙon 'ya'yan da ba su suka haifa ba, kuma akwai matan da suka kamu da shan kodin ko tiramadol, wasu ma daga maganin ciwo abin ya faro, har ciki ya same su a haka.

Giyar da mai juna biyu ta sha tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta yi ƙwarin tace ta ba, sai ta taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa. Likita Paul Lemoine na Faransa ya bayyana alamomin a 1968 bayan ya duba yara 127, sannan Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washington a Amurka suka sa wa matsalar suna a 1973. Har yau babu adadin giyar da aka tabbatar ba shi da illa ga mai ciki.

Wasu yaran akan gane su a fuska: leɓen sama siriri, kwarmin ƙarƙashin hanci a shafe, idanu ƙanana. Amma yawancinsu fuskarsu lafiya lau, kuma su ne aka fi zalunta cikin rashin sani. Ki ce wa ɗan shekara huɗu ya ɗauko takalminsa, ya sa, ya jira ki a bakin ƙofa, sai ki tarar da shi tsaye riƙe da takalmin, domin sauran maganar ta riga ta ɓace masa. Abin da ya koya jiya, yau babu shi. Sai a ce taurin kai ne, a yi ta dukansa, alhali abin da yake bukata shi ne umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da maimaitawa ba gajiya, da tsarin yini wanda ba ya sauyawa.

Jaririn da uwarsa ta saba da kodin ko tiramadol kuwa, galibi cikin kwana biyu zuwa uku da haihuwa yakan fara kuka mai tsanani, da karkarwa, da gudawa, da ƙin kama nono. Ɗaki mai shiru da ƙarancin haske, da naɗe shi a zane, da kwantar da shi a ƙirjin uwarsa suna sauƙaƙa masa, idan abin ya tsananta likita ya ba shi magani yana ragewa sannu a hankali. Ina jaddadawa, kada mai ciki ta daina irin waɗannan ƙwayoyi kwatsam ba da sanin likita ba, domin hakan na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini.

Binciken da Ann Streissguth, masaniya a Jami'ar Washington, ta yi a 1996 kan yaran da giya ta shafa ya nuna cewa waɗanda aka gano matsalarsu kafin su kai shekara 6, kuma suka tashi a gida mai kwanciyar hankali, sun fi tsira daga wahalhalun da kan biyo baya a makaranta. Abin da ke cinye waɗannan shekaru, a ganina, shi ne kunya da tsoron kada hukuma ta karɓe yaro, shi ya sa uwa take ɓoye wa ungozoma gaskiya a wurin awon ciki.

Roƙona ga shugabanni shi ne a zaɓi mata biyu masu riƙon amana, waɗanda uwa za ta iya nema a asirce su raka ta asibiti, su yi mata tafinta idan da bukata. Wassalamu alaikum.