Me Ya Sa Muke Cin Tuwon Masara, Shanu Su Ci Karanta?

Ga ƙwayar masara, ga karanta. Sitacin da ke cikin ƙwayar da selulos ɗin da ke cikin karan, sukari iri ɗaya ne ya gina su, wato gulukos. Amma ɗaya ya zama tuwo, ɗayan kuma ko shekara za ka yi kana tauna shi, ba za ka samu ƙarfi ba. Bari mu ga dalili.

Tushen maganar shi ne kabon. Ƙwayar zarrar kabon tana da ilektoron shida, wato ƙananan ɓurɓushin da ke kewaya tsakiyarta, huɗu daga ciki suna zagayen waje, don haka tana iya ƙulla ɗauri huɗu da wasu ƙwayoyin. Ku ɗauke su kamar hannaye huɗu. Idan kowane hannu ya kama haidurojin ɗaya, an samu iskar mitan. Idan kuwa kabon ya kama ɗan'uwansa kabon, sai a samu sarƙa, ko rassa, ko zobe. Gulukos zobe ne: kabon 6, haidurojin 12, oksijin 6.

Yanzu ku duba kabon na farko a jikin zoben. Yana riƙe da oksijin da haidurojin a haɗe, abin da ake kira haidiroksil. Idan haidiroksil ɗin yana kallon ƙasa a zanen zoben, sunan sukarin alfa gulukos. Idan sama yake kallo, bita ne. Bambancin ke nan, ba ƙari.

Tsiro yana haɗa kabon na 1 na wannan zoben da kabon na 4 na mai bi masa, kuma kowane haɗi yana fitar da ƙwayar ruwa ɗaya. Sarƙar alfa tana naɗewa kamar gammo, ita ce sitaci. A sarƙar bita kuwa, kowane zobe yana kife ne idan aka kwatanta shi da maƙwabcinsa, sai sarƙar ta miƙe sambal, ta manne da 'yan'uwanta gefe da gefe, su zama zare mai tauri. Wannan shi ne selulos, kuma shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na auduga.

Enzayim sinadari ne da jiki ke amfani da shi wajen farfasa abinci, kuma wanda ke cikin yawunmu, amiles, ɗaurin alfa kaɗai yake iya kwancewa. Saniya ma ba ta da nata enzayim na selulos. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke mata aikin, ita kuma ta yi ta tuƙa, tana gyatsar iskar mitan ɗin nan da muka ambata.

Ku gwada da kanku. Ku dama giram 1 na sitaci da ruwa kaɗan, ku zuba a tafasasshen ruwa ya cika mililita 100, ku bar shi ya huce. Ku zuba mililita 5 a kowace cikin kwalaben gwaji biyu. Ta farko a sa mata mililita 1 na yawu da aka sirka da ruwa, ta biyu a sa mata yawun da aka riga aka tafasa. A tsoma su a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37. Bayan kowane minti biyu, a ɗebi ɗigo a ɗora kan ɗigon aidin a farin faranti, domin aidin yana komawa shuɗi-baƙi idan ya haɗu da sitaci. Na kwalbar farko zai fara da shuɗi-baƙi, launin yana raguwa har ya ɓace, domin amiles ya farfasa sitacin. Na biyu zai tsaya yadda yake, saboda zafi ya lalata siffar enzayim ɗin.

A wurin hucewar nan ɗalibai suka fi yin kuskure. Sitaci mai zafi yana kashe amiles tun kafin ya fara aiki, sannan launin aidin ba ya fitowa sosai sai ruwan ya huce. Kada kuma a yi amfani da tsinke ɗaya a kwalabe biyun ba a ɗauraye shi ba, ɗan yawun da ya maƙale ya isa ya ɓata sakamakon kwalba ta biyu.