Shara Ba Ta Fita Ba Sai Ta Bar Unguwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, wanda ya zaga Gombe da hantsi, daga Jekadafari zuwa Bolari, Herwagana ko Pantami, abu ɗaya zai gani. Matasa sun fito aikin gayya, sun shiga lambatu sun yashe. Ga tsibin baƙin taɓo a jere a bakin kwata, cuɗe da ledar fiyawata, da robobin lemo, da famfas ɗin yara. An ɗauki hoto an sa a Facebook, kowa ya tafi wanka. Tsibin yana nan ran Lahadi, yana nan ran Laraba. Awaki sun tona, 'yan acaɓa sun bi ta kai. Sai hadari ya taso, kafin a ɗauke ruwa duk abin ya koma inda aka ciro shi. Wata mai zuwa a sake fitowa a yashe ledar nan dai ta watan jiya. Wannan tufka da warwara ta isa haka.

Za a ce ai yaran nan sun yi ƙoƙari, da babu gara ba daɗi. Ba wanda ya raina ƙoƙarinsu, shi ya sa ma abin yake da ciwo. Amma tsibin da aka tara a bakin kwata ya fi haɗari a kan sharar da ke kwance a ciki, domin an sassauta ta, an tattara ta wuri guda. Ruwan farko zai kwashe ta gaba ɗaya ya kai bakin kwalbati ya toshe. Shara ba ta fita ba sai ta bar unguwa.

Mu yi lissafi, tunda nan ne ake faɗuwa. Ɗauki lambatu mai tsawon mita 100, faɗinsa rabin mita, yashi da leda sun cika shi zurfin santimita 30. Abin da za a fitar ya kai baro sama da 200, kusan lodin ƙaramar tifa uku. Layi ɗaya ke nan, gefe ɗaya. To ƙungiyar da ta tara mutum 40 da shebur 15, ba ta tanadi ko a-kori-kura ɗaya ba, ina take nufin a kai wannan kaya? Kuɗin da ake bugo riguna masu hoton mai neman kansila, da man mota aka saya da shi, da an wuce wurin.

Saboda haka aikin daga mota yake farawa. Tun mako guda kafin ranar, shugabannin ƙungiya su je da mai unguwa ofishin GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Gombe, su kai sunan layi da rana a rubuce, su ji ranar da mota za ta zo da wurin da aka amince a zuba. In ba a samu ba, a yi karo-karo gida-gida a ɗauki hayar tifa. In wannan ma ya gagara, a rage tsawon aikin. Mita 30 da aka yashe aka kwashe sun fi mita 300 da aka yashe aka bari.

Ranar aiki kuma, a fara daga gangare, inda ruwa ke fita, a yi sama. Yawanci ana yin akasin haka, kowa ya fara daga ƙofar gidansu, sai ruwan da aka saki ya taru a kan masu aiki a ƙasa suna kwasar kunu da shebur. Masu manjagara su shiga gaba su janye leda da roba, masu shebur su biyo baya da yashi. Kada a haɗa su tsibi ɗaya. Leda da roba a buhu take tafiya nan take, a ɗaure baki. Taɓo jiƙaƙƙe yana da nauyi, yana kuma tsiyaya a hanya, don haka a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya tsane, nesa da bakin kwata da taku biyu ko uku. Kwana biyu, jama'a, ba mako biyu ba. A watan Agusta ma ko kwana ɗaya caca ce.

Robar lemo da ta ruwan gora kuɗi ce. A zubar da ruwan ciki, a take ta da ƙafa ta lotse, a ware murafen daban, 'yan bola-jari suna saye a kan sikeli. Da datti da laima farashin yake faɗuwa, wani lokaci a ƙi karɓa. Kuɗin ba yawa gare shi ba, kada wani ya yaudare ku, amma yana sayen safar hannu.

Safar hannun nan kuwa ba ado ba ce. A cikin kwata akwai fasasshiyar kwalba, da reza, da allurar da aka yi amfani da ita. Yaro da silifas ba shi da aiki a ciki. Takalmin roba mai tsawo, safar hannu mai kauri, takunkumi, da bokitin ruwa da sabulu a gefe. Allura in an tsinta, a jefa ta a jarka mai murfi, kada a sa a buhu. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke ya tafi asibiti a yi masa allurar tetanus a ranar. Rufaffen kwalbati kuma kada wanda ya kutsa ciki shi kaɗai, iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum.

Sai masu cewa a cinna wa tsibin wuta a huta. Jiƙaƙƙiyar leda ba ta ci da kyau, turnuƙewa take yi kwana da kwanaki, mai asma da jariri su sha hayaƙin. Abin da ya rage narkakken dunƙule ne, shi ma kwata zai koma. Akwai kuma dabarar da ta fi wannan muni, a tura baro a juye a kwari. Gombe a cikin kwari take zaune, ƙasarta yashi ce, ruwa daga tudun yamma yake gangarowa ya ratsa gari ya yi gabas. Duk abin da ka juye a kwarin bayan gidanka, ka aika wa na ƙasa da kai ne. In ya toshe hanya ruwa ya karkata ya ci gefe, gefen nan kuwa katangar wani ce. Biliyoyin da ake kashewa wajen gina kwaruruka da kankare, leda ta naira goma ce take mai da su juji. Kai shara kwari ba kwashewa ba ne. Ba ta bar unguwa ba, unguwa kawai ta sauya.

Wasu kuma su kwanta a ɗaki su ce aikin gwamnati ne. Gwamnati tana da nata kason, babba ma: mota, da juji, da doka. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana robar tekawe ta soso a Janairun 2024. Ko irin wannan doka za ta yi aiki a nan, inda ruwan leda ne ruwan shan talaka, ina da shakka. Amma ba gwamna ne ya sha fiyawata ya cilla ledar ta tagar Keke Napep ba. Jaka ɗaya ƙwaya 20 ce. Bikin da aka sauke jaka 50, leda 1,000 ke nan a yini guda, a layi guda. Mai biki ya ajiye buhu huɗu a kusurwoyin rumfa, ya sa yaro biyu a kai, me zai rage masa? Mahauta a mayanka su ne shaida, ƙunshin ledar da suke cirowa daga tumbin saniya ya isa ya sa mai kiwo kuka.

Lokacin babban yasa shi ne Maris da Afrilu, kafin ruwan farko, sanda kwata take a bushe, yashi ba nauyi, ana haƙa ana lodi kai tsaye. Na damina bibiya ce kawai: bayan kowane ruwa mai ƙarfi, mutum biyu da manjagara su duba bakin kwalbati, aikin rabin awa. Masu unguwanni, ranku ya daɗe, a hannunku abin yake. Duk ƙungiyar da ta zo neman izinin yasa, tambaya ɗaya za ku yi mata: wace mota ce za ta kwashe, kuma yaushe? In shugaban ya fara inda-inda, ku ce ya mai da shebur gida sai ya samo amsa.