Ƙurajen leɓe bayan Arfa: a sassauta wa kofin Zamzam

Duk bayan aikin Hajji sai saƙon murya ya fara yawo a wayoyin Hausawan Makka da Jidda, wai ƙurajen da suka feso wa alhazai a leɓe a kofin shan ruwa aka kwaso su. Alhaji, Hajiya, galibi ba haka ba ne. Bairos ɗin da ke kawo su, wanda likitoci ke kira HSV-1, yawanci tun ƙuruciya yake jikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum biyu cikin uku 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi.

Ga yadda yake shiga. Ta leɓe ko cikin baki, ya bi jijiyar ji ta fuska, ya haura har wani ƙullin jijiyoyi a cikin ƙoƙon kai, saitin kunne. Nan yake zama har ƙarshen rayuwa.

To, a nan mutane ke kuskure. Ana cewa bairos ɗin barci yake. Ba barci ba ne, ɗaure shi aka yi, kuma tantanin jijiyarmu, wato ƙwayar halittar da ta gina jijiyar, shi ne ya ɗaure shi.

Ku ƙaddara wani dogon zare. DNA ɗin bairos ɗin ke nan, wato kundin umarnin ƙera shi, mai ƙwayoyin gado wajen 80. Da ya isa cibiyar tantani, inda namu DNA yake, sai ya haɗe baki ya zama zobe, ba ya shiga cikin namu DNA. Sai tantanin ya naɗe shi a kan sunadaran da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaro, ya manna musu alamar wani ɗan sinadari, metil, a gurbi na 9 da na 27 na histon H3. Ma'anar alamar: kada a karanta nan.

Me ya sa ya yi nasara a leɓe, ya kasa a jijiya? Domin ya kunna ƙwayoyin gadonsa na farko yana buƙatar sunadarinsa VP16 ya haɗu da namu guda biyu, HCF-1 da Oct-1. Tafiyar jijiya doguwa ce, VP16 ba ya isa cibiya yadda ya kamata. HCF-1 kuwa a tantanin jijiya a wajen cibiya yake zaune. Sannan jijiya na da wani guntun RNA (ɗan'uwan DNA ne), miR-138, da ke danne ICP0, sunadarin da bairos ke kwance ɗauri da shi. Abin da ya rage yana aiki sosai a DNA ɗin bairos sashe ɗaya ne, LAT, kuma shi ma taya rufe bakin yake.

Yanzu a kawo ranar Arfa. Rana mai ƙuna, rashin barci a Muzdalifa, ga mura da zazzaɓin da alhazai da yawa ke samu a Mina. Jijiyar da ta takura tana kunna sunadarai biyu, DLK da JNK. Sai a manna wata alamar, fosfet, a gurbi na 10 na histon, maƙwabcin gurbi na 9. Ku lura da kyau: ba a goge alamar metil ba, tana nan, amma ta daina hana karatu. A ganina wannan ne mataki mafi ban mamaki. Bairos ya samu ɗan sarari, ya ƙera sabon VP16, HCF-1 ya shigo cibiya, sai a zo a goge alamomin gaba ɗaya. Sabbin bairos su gangaro ta jijiyar zuwa leɓe. Sau da yawa garkuwar jiki na kashe wutar tun kafin ƙurji ya fito.

Shi ya sa asaikulobir, maganin da ake bayarwa don ƙurajen, ba ya raba mutum da cutar. Maganin yana tare bairos ne lokacin da yake kwafar DNA ɗinsa, wanda ke ɗaure kuwa ba ya kwafar komai. Amfaninsa a fara shi da an ji ƙaiƙayi ko zugi a leɓe, kafin ƙurji ya ɗuri ruwa. In an bari ya fashe an makara, sai dai a jira kwana 7 zuwa 10.

A riƙe lema a rana. Mai ƙurji ya ware kofinsa, don a lokacin yana iya yaɗawa, kada ya taɓa ƙurjin ya sosa ido. Kuma Hajiya, komai ɗokin ganin jika sabon haihuwa, ban da sumba sai leɓe ya warke, domin ga jariri wannan bairos na iya kaiwa ƙwaƙwalwa.