Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista, Daga Kwamitin Ilimi na Unguwarmu, Aboabo, Kumasi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau. Mai martaba Sarkin Zango da sauran sarakunan ƙabilu. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Magajiyoyi da iyayenmu mata. Samari da 'yan mata. Jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Ba za mu ɓata lokaci wajen gabatar da kai ba, domin ko yaron da ke tallan ruwa a tashar Aboabo ya san sunanka kuma ya san aikinka. Ka baro Akra da tarin ayyuka a kan teburinka, ka zo ka zauna da mu a ƙarƙashin rumfa. Wannan halin manya ne, kuma mun shaida. Allah ya ƙara girma, ya kare ka daga sharrin mahassada.

Kwamiti ya umarce ni kada in ajiye maganar da ta tara mu sai ƙarshe, saboda mun san yadda ake yi da manya: ana tsakiyar jawabi sai wani ya sunkuyo ya raɗa musu cewa lokaci ya yi. To ga ta tun da wuri. 'Ya'yanmu huɗu, maza uku da mace ɗaya, sun samu gurbin karatun zanen gine-gine a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda kowa ke kira Tek. Takardun shiga suna hannunsu. Ranar rufe rajista ta matso, kuma a cikin gidajen nan huɗu babu wanda zai iya ɗaukar wannan karatu har ƙarshensa. Roƙonmu shi ne a ɗauki nauyinsu, kuma a ba mu amsa kafin wa'adin ya cika.

Ranka ya daɗe, mutanen da ke roƙonka ba jiya suka zo garin nan ba. Turawan da suka shigo Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da malamai Musulmi a fadar Sarkin Tonawa, wato Sarkin Asante, suna rubuta masa wasiƙu, suna yi masa addu'a. Kakanninmu fatake ne. Sun yi ta taka hanyar Gwanja da jakuna, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, suna kawo kanwa da fata da tufafi, suna komawa da goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, kasuwa ta watse, mutanenmu suka gangaro kudu. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903 ya same mu a nan. Mun yi dako, mun yi fawa, mun yi aikin soja da na ɗan sanda, mun biya haraji. Duk da haka, a watan Nuwamba na 1969 aka fito da dokar da ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Akwai tsofaffi a cikin rumfar nan da suka ga maƙwabtansu suna sayar da gida a kuɗin da bai kai na ƙofarsa ba, wasunsu kuwa a Kumasi aka yanke musu cibiya. Ba mun tada wannan don tsokana ba. Mun faɗe shi ne don a gane dalilin da ya sa iyaye da yawa suka daɗe suna ɗari-ɗari da gina gida mai ƙarko, da kuma sa ɗa karatu mai tsawo. Wanda aka taɓa cewa ya tattara ya tafi, ba ya saurin yin dogon lissafi.

Gini kuwa gadonmu ne. A Zariya har yau ana zuwa kallon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da tubali da azara, babu siminti, babu ƙarfe. Muna da sarautar Sarkin Magina tun kafin a san digiri. A nan Kumasi ma, je ka duk inda ake zuba kankare daga Adum zuwa Tafo, za ka ji ana Hausa a kan katakon hawa. Birkila namu ne, kafinta namu ne, mai ɗaure rodi da mai walda namu ne. Amma idan aka buɗe babbar takardar nan ta taswirar gini, aka duba kusurwar da ake sa suna da hatimi, da wuya ka ga sunan ɗan Zango. An fara koyar da zanen gine-gine a Tek tun 1958, makarantar ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Daga nan inda muke zaune, trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ɗaya ko biyu ne zai kai mutum mahaɗar Tek. Fiye da shekara 60 ke nan muna wuce ƙofar, da yawanmu kuma mun shiga ne da shebur da kwanon siminti.

Abin da rashin nan ya jawo, ka gan shi da idonka a hanyarka ta shigowa. Lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ɗakunan da aka jingina wa juna babu taga, yara suna kwana cikin zafi. Rafin Aboabo da ke shigo mana har gado duk damina. An sha zuwa a auna, a ɗauki hoto, a tafi. An taɓa kawo mana zanen gidaje masu kyau a takarda, sai dai babu zaure, babu tsakar gida, banɗaki kuma yana kallon alƙibla. Wanda ya zana bai yi da mugunta ba, bai taɓa kwana a Zango ba ne kawai. Yaron da ya tashi a gidan haya na iyali goma ba sai an gaya masa inda mata ke girki ba, da inda ake shimfiɗa tabarma ranar suna, da faɗin ƙofar da makara za ta iya fita.

Shiga wannan fanni ba wasa ba ne. Ana haɗa sakamakon darussa shida na jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, uku na dole da uku na zaɓi, kuma ƙarancin maki shi ne nasara: wanda ya ci A1 a duka shida yana da 6. Zanen gine-gine yana cikin fannonin da ake tsananta wa ƙwarai. Yaranmu sun sayi fom da kuɗin da iyaye mata suka tara a adashi, sun cike ta intanet a shagon wani ɗan unguwa, sun fafata da 'ya'yan manyan makarantu, sun ci. Ba alfarma aka yi musu ba. Muna godiya da karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017, domin shi ya kai su bakin wannan ƙofa.

Sai dai wannan karatu ba irin na littafi da biro ba ne. Shekara huɗu ne digirin farko, a ƙara biyu na digiri na biyu, sannan a yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre, a zauna jarrabawar ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Ghana, kafin hukumar rajista ta ba mutum izinin sa hatiminsa. Kuɗin makaranta ma shi ne mai sauƙin lissafi. Abin da ke karya ɗalibi shi ne na yau da gobe: allon zane, manyan takardu, kwali da gam da wuƙar yanka na haɗa ƙaramin samfurin gini, kuɗin buga zane duk lokacin da za a kare aiki a gaban malamai, ga kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfin ɗaukar manhajojin zane na AutoCAD da Revit. Ta shagon gyaran waya ba za ta yi ba.

Muna da misali a gida. Wani ɗanmu da ya riga su shiga, da yake bai samu kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai ba, daga gida yake zuwa. Ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannensa. Sai kowa ya yi barci yake fitowa barandar masallaci, inda akwai ƙwan lantarki, ya baje kwalayensa yana yanka yana mannawa har ladan ya zo kiran assalatu ya same shi. Samfurin da ya yi makonni yana haɗawa, a kan cinya ya ɗauke shi cikin trotro, wata mai kaya ta jingina kwandonta a kai, rufin ya burma. Haka ya shiga gaban malamai da shi. A shekara ta biyu ya ajiye karatun. Yanzu yana zana wa mutane fulan a ɓoye a kan kuɗi kaɗan, wani ya sa hatimi ya karɓi mai tsoka. Yana nan cikin taron, mun yi masa alkawari ba za mu nuna shi ba.

Shi ya sa, ranka ya daɗe, muke cewa tallafin ya haɗa da ɗakin kwana a cikin jami'a da kwamfuta, kuma ya kai shekara shida. Tallafin shekara ɗaya kai yaro tsakiyar kogi ne a karɓe kwale-kwalen. Ita yarinyar kuwa, mahaifinta ya gindaya sharaɗi a gaban Liman: idan babu ɗaki a makaranta, ba zai bar ta tana dawowa daga studiyo, wato ɗakin zane, da tsakar dare ba. Mu ma ba mu ga laifinsa ba.

Akwai wasu buƙatun. Muna son malaman lissafi da na zanen fasaha a makarantun da ke kusa da mu, domin a nan ne yawancin yaranmu ke faɗuwa tun kafin su kai ga fom. Muna da ɗaki a jikin makarantar Islamiyya da za a iya sa wa tebura da fitila ya zama wurin zane. Magudanun ruwa kuma, Sarki zai yi maka maganarsu da bakinsa. Waɗannan duk za su iya jiran kasafin baɗi. Majalisa ta kafa Asusun Raya Zango da doka tun 2017, kuma ilimi yana cikin ayyukansa. Akwai kuma hukumar bayar da tallafin karatu. Kai ka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, mu ba mu sani ba.

Maganar yaran nan huɗu ce ba ta jira. Idan ranar ta wuce, gurbin ya tafi ga wani. Sakataren kwamiti yana riƙe da fayil ɗinsu: sakamakon jarrabawa, takardun shiga, da lissafin kuɗin kowace shekara, an rubuta dalla-dalla. Muna roƙo, don girman Allah, ka karɓe shi da hannunka, ka kuma faɗa mana a gaban Sarki da Liman jami'in da za mu nema a ofishinka da ranar da za mu je.

Iyayenmu mata sun tanadi goro da 'yar tsaraba, a yi haƙuri da ƙanƙantarta. Allah ya maida kai gida lafiya, ya zaunar da ƙasar Asante da Ghana lafiya. Yara, ku taso ku gaida Minista. Sakatare, kawo fayil.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba da Sakatare, a madadin Kwamitin Ilimi